Masu Cewa Mu Fara Haɗa Harsashi A Gida, Ku Zo Mu Yi Ta A Fili



Yau kwana tara ke nan ana zagina a waya. Wasu sun ce na zama matsoraci, wasu sun ce an saye ni, wani yaro ma da ban san ko ɗan wane ne ba ya rubuto mini cewa ni infoma ne. Laifina guda. A zaman matasa da munka yi nan Rimawa an kawo shawarar a ciri kuɗi daga asusunmu a sayo kayan aiki, a zaɓi yara biyar su koyi haɗa harsashi a gida, ni kuma a matsayina na shugaban matasa na ce ba da hannuna ba, ba kuma da kuɗin da munka tara don jinyar marasa lafiya da sayen fam ɗin jarrabawa ba. Na ƙara da goge bidiyon da wani ya turo zaurenmu na WhatsApp, wanda ake nuna yadda ake yin abin, na ce duk wanda ya sake turo irinsa zan fitar da shi.

Tun da zagin a ɓoye ake yi, ni zan ba da amsa a fili.

Da farko kada wani ya zo yana karanta mini halin da muke ciki kamar daga Abuja na zo. Nan aka haife ni, nan iyalina suke kwana. Na san Tabanni ta ƙasar Rabah, inda anka kashe sama da mutum 30 a watan Yuli na 2018, na ga waɗanda sunka tsira zube a Gandi ba tabarma ba tukunya. Na san abin da ya faru a kasuwar Goronyo ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021, wanda gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya ce mutum 43 anka kashe. A lokacin an datse layukan waya, ko kiran ɗan'uwa ka ji yana da rai ba ka iyawa. Na san yadda anka kama Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a 2024, dattijo mai rawani, ya roƙi a cece shi duniya na kallo, har rai ya yi halinsa a hannun ɓarayi. Na san me ake nufi idan an ce mutum zai bi hanyar Gundumi. Duk wanda ya ce mini zuciyarsa na tafasa, ban ƙaryata shi ba, tawa ma haka take. Gardamarmu a kan abin da za a yi da tafasar ne.

Bari in fara da abin da ban so faɗa ba a wurin taro, don mahaifiyar yaron na raye kuma ba ta son ana maganar. Ɗan yayata ne, shekararsa 19. Bara da rani shi da abokinsa sun kulle kansu a wani ɗaki da ake ajiye buhunan albasa, suna gwada abin da sunka gani a waya. Muna zaune bayan la'asar munka ji ƙara kamar tayar babbar mota ta fashe. Da anka ɓalle ƙofa, hannunsa na dama ba ya kalluwa. Abin da ya fi ci mini rai har gobe, ba a kai shi asibiti nan take ba. Gidan kowa ya tsorata, ana cewa in an je za a tambayi yadda anka yi, daga nan sai 'yan sanda. Haka ya kwana ana ɗaure hannu da tsumma ana barbaɗa magani. Sai da gari ya waye na ɗauke shi da kaina zuwa Sakkwato. Yatsu uku sun tafi, ido ɗaya yana gani dishi-dishi. Yaron nan a da in ana dashen albasa a fadama ba mai riga shi gama fangali, da wannan yake ciyar da uwarsa. Yanzu ko igiyar awaki ba ya iya ƙullawa da hannu ɗaya. Ɓarawo bai taɓa ganinsa ba, bai kashe ko harsashi ɗaya a kansa ba, mu munka yi wa kanmu.

Ran da na je duba shi ya ce mini, "Kawu, wallahi yadda mutumin yac ce haka munka yi." To ai nan matsalar take. Mai bidiyon yana wata ƙasa, ba ka san shi ba, ba ka san sau nawa ya yanke inda abin ya ƙi ba, kuma in ka rasa hannu ba zai ji labari ba. Ni ba injiniya ba ne, difloma gare ni, amma ko ɗan firamare ya san akwai dalilin da ya sa Najeriya ta gina masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964, da injuna da ma'aunai da mutanen da sunka yi shekaru suna koyo. Abin da gwamnati ta ware wa unguwa guda da katanga da sojoji, shi za mu kawo ɗakin da ke jikin madafa, inda mata ke hura wuta sau uku a yini, yara na shiga suna fita?

Akwai kuma wadda ba ta ƙara, ita ce dalma. Duk mai maganar harsashin gida maganar narka dalma yake yi. Mun manta da Zamfara ke nan? A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara sama da 400 sunka mutu da gubar dalma. Dalili, ana kawo duwatsun zinari cikin gida ana daka ana niƙa, ƙurar na sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo, sai da anka kankare ƙasar gidaje anka zuba sabuwa. Waɗanda ba su mutu ba, da yawa gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Dalma ba ta wari, ba ta sa yaro kuka a ranar. Sai bayan watanni ka ga ɗanka yana suma, ko ya kai shekarun makaranta ba ya riƙe karatu, a ce iska ce, a yi ta yawon neman rubutu. Mutanen Bagega ba su sani ba lokacin da sunka yi. Mu mun sani.

To a ce ma an yi sa'a, ba wanda ya ƙone, ba yaron da ya sha guba, harsashi ya fito sumul. Sai me? Wa za ka tara da shi? Mutanen da ke zuwa bisa babura hamsin, goyon biyu-biyu ko uku-uku, kowa da AK-47 mai cin harsashi 30 a ɗura ɗaya, wasu da manyan bindigogin da ake girkawa a mota. Kai kuma kana riƙe da harba-ka-ruga. Sunan ma ai ya gama bayani, Bahaushe bai raɗa mata shi don wasa ba. Wanda ke shakka ya tambayi mutanen 'Yargaladima ta ƙasar Maru. A watan Afrilu na 2014 'yan sa-kai da mafarauta daga garuruwa da yawa sun taru can suna shawarar yadda za su tunkari ɓarayi, da bindigoginsu na gargajiya da layunsu. Ɓarayi sunka samu labari sunka zagaye taron. Mutanen gari sun ce gawar da sunka binne ta haura 100. Waɗannan ba ragwaye ba ne, maza ne da sunka san daji fiye da ni da ku. Wani ya kai labarinsu, shi ke nan.

Kuma don Allah mu riƙa tuna yadda abin ya bi da mu nan gabashin Sakkwato, kada mu riƙa yanko rabin labari. Kafin harin kasuwar Goronyo, a farkon wancan watan na Oktoba, 'yan sa-kai sun shiga kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa sun kashe Fulani 11, cikinsu har da limami. Ba a kama su da shanun sata ba, ba alƙalin da ya yanke musu hukunci, cin kasuwa sunka zo. Bayan nan anka afka wa kasuwar Unguwar Lalle a Sabon Birni, sannan Goronyo. Ban ce wanga ya halatta wancan ba, Allah ya kiyashe ni, wanda ya buɗe wuta kan masu sayar da gero da tumaki azzalumi ne ko me anka yi masa. Abin da nake cewa, waɗanda sunka kashe mutane a Mamande sun koma gida lafiya, waɗanda sunka biya bashin talakawa ne da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wagga ɓarna ce ta sa gwamnatin jiha ta haramta 'yan sa-kai kafin ƙarshen 2021. Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wanda ya yi shekaru yana bin diddigin matsalar a Zamfara, ya nuna yadda kisan Fulani a kasuwanni ba shari'a ya taimaka wajen tura samarinsu da yawa daji. Mun ga inda hanyar ta kai maƙwabtanmu. Yanzu ana so mu bi ta, har mu ƙara da masana'anta.

Wani a wurin taron ya miƙe ya ce, "Shugaba, mu ba mu taɓa kowa, garinmu kawai muka tsaro." Na yarda da niyyarsa, na san shi, mutumin kirki ne. Amma harsashi ba ya ɗauke da sunan mai shi. Ran da yaro biyar sunka iya, wata uku ba ta cika sai sun zama ashirin, don kowa na da aboki. Kuma abin da ake iya yi da hannu a ƙasar da ba aikin yi, sana'a yake zama. Yaron da ba ya da kuɗin sabulu, wani ya zo da dare ya ce ga dubu kaza ba ni guda ashirin, tambayarsa zai yi ina za shi da su? Mu da muke kuka da masu kai wa ɓarayi fetur da burodi da katin waya da ƙwaya, mun san ba daga sama suke faɗowa ba, cikinmu suke, muna sallah sahu ɗaya. Wanda ya iya sayar da labarin gidan maƙwabcinsa a kan kuɗi kaɗan, harsashi ne zai gagare shi sayarwa? Wata rana a ciro shi a jikin ɗan garinmu a gane aikin hannun wane ne, sannan za mu san mun shuka abin da ba mu iya girbewa.

Ga kuma maganar da ta shafe mu kai tsaye, mu 'yan siyasa, kuma nan ne na san wasu za su ji haushina. Mu daina yaudarar juna. Mun san yadda ake amfani da matasa lokacin zaɓe, ni kaina an sha turo mini kuɗi a ce in tara yara. A zaɓen watan Fabrairu na 2023 kujerun sanata uku da na wakilai goma sha ɗaya na jihar Sakkwato duk INEC ta ce ba su kammalu ba, saboda hargitsi da soke ƙuri'u a rumfuna da yawa, sai a watan Afrilu anka ƙarasa. Wancan da gorori da duwatsu da adduna anka yi shi. Yanzu ka ɗauki 2027, ga jam'iyyu sun dare gida-gida, ga gaba tsakanin ɓangarori har cikin jam'iyya guda, ka ƙara da cewa kowace unguwa tana da mai haɗa harsashi. Wallahi ba daji za a kai su ba, rumfar zaɓe za a kai su. Mutanen Gombe sun san yadda 'yan kalare sunka zame musu ƙarfen ƙafa, Kano ta san 'yan daba. Kowace daga cikinsu akwai babban mutumin da ya taɓa cewa yarana ne, ina iya riƙe su. Kuma ina lura, cikin masu zuga wagga shawara daga nesa akwai waɗanda ban taɓa gani a jana'izar ko mutum ɗaya da ɓarayi sunka kashe ba, amma yau su ne masu kishin tsaron Rimawa. In ɓangarenmu ne ma ya kawo kuɗin, amsata ɗaya ce. Siyasa nake yi don in ga an yi hanya da asibiti, ban shigo don in tara wa wani runduna ba.

Za a ce ai manya sun faɗa, kowa ya kare kansa. Haka ne, sun faɗa. Janar T.Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a 2018. Aminu Bello Masari ya faɗa yana gwamnan Katsina a 2021. Bello Matawalle ya wuce nan, a watan Yuni na 2022 gwamnatinsa ta ce za ta raba fam 500 ga kowace masarauta a Zamfara don mutane su nemi lasisin bindiga, nan take babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba ya da wanga iko. To ina tambaya, cikin waɗanda sunka faɗi haka wa ya canza doka? Dokar makamai ta 1959 tana nan daram, ta hana kowa ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izini ba, kuma hukuncinta ya kai ɗaurin shekara goma. Mai faɗa yana faɗa ne da 'yan sanda a ƙofar gidansa da mota mai sulke. In an kama ɗanka da kayan haɗi a ɗaki, ba mai karɓar "gwamna ya ce" a gaban alƙali. Mafi muni, a irin wanga yanayi ba a tsayawa bincike mai tsawo. Soja ya shigo gari ya tarar da ɗakin da ake haɗa harsashi, ta yaya zai bambance na tsaron gari da na masu kai wa daji? A take sunan yaron ya koma mai safarar makamai, a nuna shi gaban 'yan jarida zaune a ƙasa ba riga, garin duka ya ɗauki tambari. Ni kuma da na sa hannu anka fitar da kuɗin, ni ne shugaban ƙungiyar.

A ganina duk shugaban da ya ce wa talaka je ka kare kanka, sauke nauyi yake yi daga kansa ya ɗora wa wanda ba ya iya ɗauka. Kuɗin tsaro da ake warewa duk wata ba mu ake ba, su ake ba. Mun yi layi cikin rana mun zaɓe su. In munka karɓi wagga magana munka koma ɗaki muna narka dalma, mun yafe musu bashin da muke bin su ke nan, gobe in an kawo hari sai su ce ai mun gaya muku.

To Shugaba, sai mu naɗe hannu a yanka mu? Wanga ita ce tambayar da ake jefo mini, kuma tana da nauyi, ba na raina ta. Ban ce a naɗe hannu ba. Ku dubi Maiduguri a 2013. Samarin da sunka kori Boko Haram daga unguwanninsu ana ce musu kato-da-gora, don gora ce a hannunsu. Abin da sunka fi soja da shi sanin mutane ne: wane ɗan gidan wane ne, wane baƙo ne, wane ya ɓace wata biyu ya dawo da kuɗi. Sun yi aiki ƙarƙashin idon sojoji, da rajista da shugabanni da anka sani. Ko su ɗin ba a rasa ƙorafi a kansu ba, balle waɗanda ba mai sa musu ido. Mu ma abin da muke da shi ke nan wanda ɓarawo ke tsoro. Mun san mai sayen fetur jarka goma alhali ba ya da injin ban-ruwa. Mun san mai sayen burodin da ya fi ƙarfin gidansa. Mun sani muna shiru, don ɗan'uwa ne ko suruki. Wallahi fallasa mutum ɗaya irin wanga ga hukuma, ta hannun hakimi da shaidu, ba a ɗauki doka a hannu ba, ya fi buhun harsashi amfani, kuma ya fi shi buƙatar zuciya. Mai son a san shi namiji ne ga wurin gwadawa.

Sannan akwai ƙofar da doka ta buɗe. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a farkon 2024, mu ma gwamnatin Ahmed Aliyu ta ƙaddamar da tamu a 2024. Ban ce ta wadatar ba. Yaran sun yi kaɗan, kayan aikinsu bai kai na abokan gaba ba, kuma ina da tambayoyi a kan yadda ake zaɓen waɗanda ake ɗauka, don na ga inda takardar ɗan siyasa ta fi cancanta aiki. Amma wanda ya shiga nan yana da horo, yana da kaki, yana da wanda zai tuhume shi in ya yi ɓarna, in ya faɗi a bakin aiki iyalinsa na da ƙofar da za su buga. Duk saurayin da jininsa ke tafasa ya zo in rubuta sunansa, mu bi masa ta nan. Mu kuma matsa a ƙara yawansu a Goronyo da Rabah da Wurno, a girke jami'ai na dindindin a bakin hanyoyin da kowa ya san ta nan ake shigowa, musamman lokacin girbi da ranakun kasuwa. Mu tara sa hannun masu unguwanni da limamai da shugabannin Fulani na yankinmu, e, har da su, don su ma ana kwashe musu shanu ana sace musu mata, mu kai wa ɗan majalisarmu da sanatanmu, mu buga a shafukan nan da kwanan wata, bayan wata guda mu dawo mu tambaye su ina aka kwana. Wanda ya yi shiru mu riƙe masa har ranar da zai zo neman ƙuri'a, ko na gidanmu ne.

Maƙeranmu kuma ina roƙonku da girman Allah. Ku ne kuka riƙe wagga ƙasa da garma da kalme da lauje tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna Wurno. Na san kasuwa ta ja baya, na san mai neman bindiga ya fi mai neman fartanya sakin kuɗi. Amma in yaro ya zo muku da hoton waya yana tambayar yadda ake kaza, ku kore shi, ku kuma gaya wa ubansa.

Kuɗin asusu suna nan yadda suke, littafin yana hannun ma'aji, duk mai so ya je ya duba. In 'yan ƙungiya sun ga na yi kuskure, tsarinmu ya ba su dama su kira taro su cire ni, ba zan yi gardama ba, kujerar ba gadon gidanmu ba ce. Amma muddin ni ke sa hannu, ko naira ɗaya ba ta fita don wanga aiki. Wanda kuma ya riga ya sayi kaya ya ajiye a ɗaki, ya same ni a asirce mu san yadda za a raba shi da su ta hannun hakimi, ba tare da an tozarta shi ba. Mutum biyu sun riga sun zo. Ɗayansu na kai shi gidan yayata da kansa, ya gaisa da yaron, yaron ya miƙo masa hannun hagu.